Me Ya Kai Masana Filin Biki a Ingal?

Tambaya: Na halarci bikin lasar gishiri na Ingal, wanda ake kira Cure Salée, sai na ga rumfunan likitocin dabbobi da masu bincike a gefen filin sukuwar raƙuma. Wai biki wurin karatu ne? Wannan ba cusa kai cikin al'adar mutane ba ne?

Amsa: Malam, a matsayina na likitan dabbobi, ga abin da ke kai mu. Makiyayi ba ya zuwa ofis. Shekara guda yana bin ciyawa da ruwa, sai ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Abzinawa da Fulani ke haɗuwa a Ingal, cikin jihar Agadez, don dabbobi su lashi gishirin ƙasar. Garken da za ka yi wata kana nema a daji, ga shi ya zo da ƙafarsa. Shi ya sa ake rigakafin dabbobi a wurin, ana kuma bayani a kan irin su bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari, ta kuma kama mutum idan ya sha madarar da ba a tafasa ba.

Amma inda na fi son ka duba shi ne abin da masanin ke ɗauka ya koma da shi. Cutar bushiya ta yi wa shanun Afirka ɓarna a shekarun 1890, ta sake dawowa Najeriya a farkon shekarun 1980 ta karya makiyaya da yawa. A 2011 aka sanar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Allurar rigakafi ta yi aikinta, musamman irin wadda aka gyara ta jure zafi. Sai dai a wurare irin su kudancin Sudan da Habasha, ba a gano inda cutar ta laɓe ba sai da likitoci suka zauna a tabarma suka saurari makiyaya, suka ji sunan da suke ba ta da lokacin da ta wuce ta wane gari. Yanzu ana neman a kawar da annobar awaki da tumaki ta PPR kafin 2030, kuma wannan sauraron ake buƙata.

Na taɓa tsayawa kusa da wani dattijo da ya buɗe bakin akuya da yatsa biyu, ya nuna mini gyambon dasashi, ya ce ta kwana uku tana zawo, kuma a wata rijiya ta ɗauko. Kafin in buɗe akwatin sanyi ya gama mini rabin aikin.

Damuwarka kuwa tana da tushe, ba na musu. Na ga rumfar da ta saki lasifika da Faransanci ana tsakiyar rawa, ba wanda ya tsaya. Wanda ya zo bikin mutane baƙo ne: ya fara gaida sarakunan makiyaya, ya nemi mai fassara da Tamashek da Fulatanci da Hausa, ya kafa rumfarsa kusa da mashayar dabbobi da sassafe kafin a fara wasa. Idan kuma ya ɗebi jinin dabba don gwaji, to baɗi ya dawo wa mai garken da sakamako a hannu.