Dalilin da ya sa muke tsare baƙo da tambaya a zango

Malam, ka ce abin da ya ɗaure maka kai a Gana shi ne baƙo bai gama shan ruwa ba an zaunar da shi, sai ya zayyana labarin hanya da na gida kafin a shiga zancen da ya kawo shi. Ba bin diddigi ba ne. Wani ɓangare mun ɗauko shi wurin maƙwabtanmu Asante, sauran kuwa gadon fatauci ne.

Kakanninmu mutanen Kete ne, zangon Musulmi da ke gefen garin Krachi a bakin kogin Volta. Garin ya cika ne bayan yaƙin basasar da aka yi a Salaga, babban garin kasuwar goro, a 1892, da fatake suka watse suka gangaro kudu. A wancan lokaci gishirin garin Ada yana haurowa cikin kwale-kwale daga bakin teku, goro yana fitowa daga kurmi, ayarin jakuna kuma na saukowa daga Arewa da kanwa da saƙi da kayan fata. Har bayi an sayar, ba sai mun ɓoye ba.

To a irin wannan kasuwa, labari kuɗi ne. Madugu ya yi watanni a hanya, ya sauka gidan maigidansa, wanda shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ne mai tsaya masa in an yi ciniki bashi. Kafin a kwance kaya sai ya faɗi komai: wace hanya 'yan fashi suka tare a Bargu, wane sarki ya ƙara kuɗin fito, wa ya rasu a Kano, yaya ake ciki a yaƙin basasar Kano tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Wanda ya riga jin cewa babban ayari na tafe, shi zai riƙe goronsa ya yayyafa masa ruwa ya jira. 'Yan kwale-kwale kuma su ke kawo labarin Turawan bakin teku, kuma ba duka ake gaskatawa ba, har Jamusawa suka kafa bariki a garin a 1894.

Ɗanku na ƙasar Hausa ne ma ya zama limaminmu, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya taso daga Salaga ya zauna Kete har rasuwarsa a 1934. Waƙoƙinsa kan zuwan Nasara su ma labarin zamanin ne.

Tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin tafki tun da aka datse kogin a Akosombo a shekarun 1960. An tashi mutane zuwa sabon gari a tudu, wasu kuma suka wuce zangunan Kumasi da Nima ta birnin Accra.