Jikina na mutuwa kafin la'asar, sai na sha zaƙi nake farfaɗowa: sugana ne ke sauka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Zariya, shekaruna 36, 'ya'yana huɗu. Na daɗe ina fama da rage ƙiba. Na bar tuwo, na bar shinkafa, na sha shayin rage tumbi, ƙibar ta tafi ta dawo. Bara na gaji, na koma tsarin nan na sauraron jiki: in ci idan na ji yunwa, in tsame hannu idan na ƙoshi, ba na haramta wa kaina komai. Hankalina ya kwanta ƙwarai. Sai dai kullum tsakanin azahar da la'asar jikina mutuwa yake yi murus, kaina ya yi nauyi, ba abin da raina ke so sai zaƙi. Idan na sha lemon kwalba mai sanyi ko na ci alawar madara sai in farfaɗo, bayan awa ɗaya ko biyu in koma gidan jiya. Abokiyar aikina ta ce sugana ne ke sauka, in riƙa yawo da gulukos a jaka, in kuma je kemis a ƙara min ruwa. Mahaifiyata tana da ciwon suga, shi ya sa nake jin tsoro. In bi abin da jikina ke nema, ko in koma takura wa kaina?

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Kada ki koma takurar, kuma don Allah kada ki je kemis ɗin nan. Abin da za ki fara yi shi ne gwajin suga da gwajin yawan jini, tun kafin ki sake sayen wata kwalbar.

Tsarin da kike bi wasu mata biyu masana abinci a Amurka ne suka fito da shi a 1995, kuma ba su taɓa cewa duk abin da baki ya yi kwaɗayi a ba shi a wuce wurin ba. A cikin ƙa'idojinsa akwai girmama yunwa tun ba ta yi tsanani ba, akwai kuma kula da ingancin abin da ake ci ba tare da azabtar da kai ba. Mutanenmu sun ɗauki ɓangaren "ba haramci" sun bar sauran. Ba ki faɗa min abin da kike karyawa da shi ba, amma matan da suka daɗe suna rage ƙiba kusan duk labarinsu ɗaya ne: a fita da sassafe da kofin shayi da yankan burodi, ko ma da ciki wayam, saboda shekarun da aka yi ana danne yunwa sun sa ba a jin ta sai ta kai maƙura. Ki tsaya gaban aji tun ƙarfe takwas har ƙarfe biyu a haka, dole jiki ya nemi abin da zai shiga jini da gaggawa, wato zaƙi. Wannan yunwa ce da aka yi wa jinkiri, kuma ba rashin ƙarfin zuciya ba ne. Ki karya da abin da ke zama a ciki: koko da ƙosai, alale, ɗanwake da ƙwai, ko ɗumamen tuwo da miyar kuka. Ki sa gyaɗa ko awara ko dafaffen ƙwai a jaka don lokacin tara, ki ci ko da yunwar ba ta yi ƙara ba. Ki gwada haka na mako biyu ki ga yadda la'asar ɗinki za ta kasance. Sannan ki sani ɗan nauyin jiki bayan azahar halitta ce, ko mai lafiya ƙalau yana jin sa, shi ya sa ƙailula take da amfani.

Ƙarancin jini ma yana cikin abin da nake zargi. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Haihuwa huɗu, ga al'ada duk wata, ga shekarun da kika yi kina tauye abinci. Barcin da bai kai awa bakwai ba shi ma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari, haka kwanakin da ke gab da al'ada.

Yanzu bari in zo kan maganar abokiyar aikinki, domin ita ce ta tsaya min a rai. Ba ranar da zan zauna a ofis ban ji wani ya ce "sugana ne ya sauka" ba. In na ce da me ka auna, sai ya ce ai jikinsa ne ya gaya masa. Jiki ba ya faɗin lamba. Kasala, jiri, ciwon kai, nauyin ido, duk waɗannan mai ƙarancin jini yana jin su, mai zazzaɓin cizon sauro yana jin su, mai sabon ciki tana jin su, kuma wanda sugansa ya hau sama sosai shi ma su yake ji. Nan haɗarin yake. Mai ciwon suga da bai san yana da shi ba, jininsa cike yake da suga amma sugan ba ya shiga tsoka yadda ya kamata, don haka kullum a gajiye yake, kullum cikin yunwa da ƙishirwa. Sai a ce masa suga ne ya yi ƙasa, a miƙo masa lemo. Ya sha, sanyin da ruwan da ɗan sinadarin wartsakarwa da ke cikin baƙin lemo su sa ya ji dama-dama na ɗan lokaci, sai ya gaskata. Haka zai yi ta yi wata da watanni yana ƙara wa wuta fetur. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta daɗe tana cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. Ke kuma ga shi mahaifiyarki tana da shi.

Mutum mai lafiya sugansa ba ya faɗuwa haka kawai don ya yi awa biyar bai ci ba. Hanta tana da ajiya, tana sakin ta a hankali cikin jini. Muna azumin Ramadan awa 13 zuwa 14 cikin zafin nan namu, kuma in ka auna mai lafiya gab da magariba za ka tarar sugansa yana inda ya kamata. Saukar suga ta gaskiya ita ce ƙasa da 3.9 a ma'aunin mmol, ko 70 a na'urorin da ke ƙirga da mg, tana zuwa da karkarwa da gumi mai sanyi da bugun zuciya da ruɗewa, kuma yawanci tana samun masu ciwon suga ne da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar rage suga irin glibenclamide idan suka sha magani ba su ci abinci ba. Su waɗannan lalle su riƙa yawo da sukari ko gulukos, su sha kimanin gram 15 idan abin ya taso, su sake aunawa bayan minti 15. Wato shawarar da aka ba ki ta marasa lafiyan da ke kan magani ce, aka ɗauko aka yafa wa kowa.

Shi kuwa ƙarin ruwa, ban san ranar da za mu rabu da wannan masifa ba. Kin san yadda abin yake. Bayan kantar kemis akwai labule, bayan labulen akwai benci, ga ƙusa a bango an rataye ledar ruwa, an fasa wata 'yar kwalbar bitamin an zuba ruwan ya koma ruwan ɗorawa don mai jinya ya ga kuɗinsa na aiki. Yaron shago ne zai nemi jijiya. Ba a auna suga ba, ba a auna hawan jini ba, ba a tambayi lafiyar ƙoda ko zuciya ba. Ledar rabin lita ta ruwan suga mai kashi biyar, sukarin da ke cikinta gram 25 ne kacal, bai kai na kwalbar lemo ɗaya ba, ballantana a ce ya kama ƙafar kwanon wake. Ga mai lafiya asarar kuɗi ce da kasadar shigar ƙwayar cuta ta allura. Ga mai ɓoyayyen ciwon suga kuwa, an ɗura masa suga kai tsaye a jijiya. Muna karɓar irinsu a sashen gaggawa, a sume, baki a bushe, na'ura ta kasa ma karanta lambar sai ta rubuta cewa ya wuce ma'auni, 'yan'uwa suna rantsuwa cewa leda uku aka sa masa jiya don ya ji ƙarfi. Ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, ruwan da ya yi yawa huhu yake taruwa. Ƙarin ruwa magani ne na wanda ba ya iya sha ta baki, ko wanda amai da gudawa suka ƙarar. Mai tafiya da ƙafarta tana koyarwa a aji ba ta cikinsu. Kuma masu alhakin sa ido kan waɗannan shaguna sun san da labulen, kowa a unguwa ya san da shi.

Akwai kuma 'yar'uwar wannan magana, wadda ake faɗa da murya mai daɗi: "ki bar sukarin Bature ki koma zuma da mazarƙwaila da dabino, su ba sa komai." Ba wanda ke musun albarkar zuma. Amma kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinta suga ne, busasshen dabino ya haura kashi 60, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Jini ba ya tambayar daga ina suga ya fito. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse suna layi ɗaya da sukarin shayi, kuma ta ce kada jimillarsu ta wuce kimanin gram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12, in an iya sauka zuwa gram 25 ya fi. Robar lemo ta rabin lita ita kaɗai tana cinye gram 50 ɗin, duba jikin robar ki gani. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, waɗanda ake ɗauka sun fi lafiya, mai haɗawa ce kaɗai ta san gwangwani nawa ta zuba. Su kuma masu lasifika a tasha da masu tallar maganin suga a Facebook da TikTok, waɗanda ke cewa kwana bakwai ciwon ya tafi har abada, sun raba mutane da yawa da maganin asibiti, daga baya a kawo mana su da gyambo a ƙafa. Idan wani ya ba ki ƙwayar ƙarin kuzari ko buɗe ciki wadda ba ta da suna a jiki, kada ki sha. Da yawansu akwai wani magani mai suna dexamethasone a ciki, wanda ke kumbura fuska kuma yana tayar da suga.

Gwajin ba wuya. Ki kwana ba ki ci komai ba na aƙalla awa takwas, ruwa kawai, ki je da safe a huda yatsa ko a ɗebi jini. In ya kai 7.0 a ma'aunin mmol, wato 126 a na mg, ana maimaitawa wata rana, idan ya sake kaiwa ciwon suga ne. Tsakanin 6.1 da 6.9 gargaɗi ne, kuma a wannan matakin abinci da motsa jiki suna aiki sosai. Akwai gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, iyakarsa kashi 6.5, amma ƙarancin jini da sikila suna iya karkatar da shi, don haka ki gaya wa likitan rukunin jininki na gado. A haɗa da gwajin yawan jini: ƙasa da gram 12 ga macen da ba ta da ciki ƙaranci ne. Na san layin yanke kati kaɗai yana iya cinye miki ranar aiki a kan gwajin da ba ya ɗaukar minti biyar, abin haushi ne, amma ƙananan asibitoci da ɗakunan gwaji masu rajista suna yi. In mahaifiyarki tana da na'ura a gida, ki ara da sabuwar allura ki auna daidai lokacin da jikin ya mutu, kafin ki sa komai a baki. Wannan lambar za ta raba gardama tsakaninki da abokiyar aikinki.

Idan sakamakon ya fito lafiya, ba na so ki mayar da zaƙi abokin gaba, domin haramtawa ita ke haifar da wawaso. Ki ci alawarki bayan abinci, a zaune, ki ji daɗinta, maimakon a tsaye da ciki wayam. Zaƙin da ya tarar da wake ko ganye ko nono a ciki a hankali yake shiga jini, ba ya yin tashin nan da saukar da ke mayar da ke gidan jiya. Lemon kwalba dai ki rage shi ya zama na biki, don abin sha ba ya ƙosarwa, jiki ba ya lissafa shi a matsayin abinci, saboda haka sauraron ƙoshi ba ya aiki a kansa. Kindirmo da 'yar fura ba tare da tula sukari ba, goba, kankana, ko dabino biyu zuwa uku da gyaɗa sun fi riƙe ki zuwa magariba. Idan jinin ne ya yi ƙasa, ki raba shayi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya domin yana rage wa jiki tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai gina jini, ki yawaita hanta da wake da zogale, ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ki sha ƙwayar ƙarin jinin da aka rubuta miki har ƙarshen wa'adinta.

Amma idan kina tashi fitsari sau da yawa da dare, ko ƙishirwa ba ta barin ki, ko kina ramewa alhali kina ci, ko ganinki yana dishi-dishi, ko ƙaiƙayin gaba yana tafiya yana dawowa, ko kin ga tururuwa na taruwa inda kika yi fitsari, kada ki jinkirta gwajin ko kaɗan. Gobe da safe ki je, kada ki karya, kuma ki faɗa musu tun a teburin farko cewa mahaifiyarki tana da ciwon suga.