Giɓi, Wushirya da Wawulo: Me Haƙori Ke Yi wa Furuci?

Wata mai karatu daga Damagaram ta aiko da tambaya biyu: mene ne bambancin giɓi, wushirya da wawulo, kuma me ya sa maganar kakarta ta sauya tun da haƙoranta na gaba suka zube?

Wushirya halitta ce, wato 'yar tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba guda biyu, kuma Bahaushe yana lissafa ta cikin alamun kyau. Giɓi kuwa gurbin haƙorin da ya fita ne, shi ya sa ake cewa an cike giɓi idan an sami wanda ya maye gurbin wani. Idan giɓin ya yi faɗi har haƙora da yawa suka tafi, sai a ce wawulo, kalmar da bai kamata a jefi dattijo da ita ba, domin akwai zolaya a cikinta. Zubewar haƙora 20 na ƙuruciya, wadda ke farawa wajen shekara 6, ita ce famfara.

Game da kakarki, sautukan da suka fi jin jiki su ne s, z, ts da sh, domin wajen furta su harshe yana matse iska ne ta wata 'yar kafa, ya tura ta ta bugi haƙoran gaba, daga nan ne wannan kaifin sautin ke fitowa. Idan haƙoran ba sa nan, iskar sai ta watse, har “sara” ta kusa zama “shara” a kunnen mai sauraro. Sautukan t, d, ɗ da n ba su cika lalacewa ba, tunda a hanƙa, wato tudun dasashin da ke bayan haƙoran sama, harshe ke dafawa, kodayake hanƙar kanta tana motsewa idan giɓi ya daɗe.

Abin lura shi ne Hausa ta fi Turanci sassauci a nan. Bature yana furta f da leɓen ƙasa da haƙoran sama, alhali yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta ta, Sakkwatawa ma “hwara” suke cewa a madadin “fara”. Karin sauti (wato hawa da saukar murya) da tsawon wasali kuwa, waɗanda ma'anar kalmominmu ta dogara a kansu ƙwarai, ba ruwansu da haƙori. Saboda haka ki saurare ta da natsuwa ba tare da yawan sa ta maimaita magana ba, kuma idan da hali a kai ta wurin likitan haƙori a duba yiwuwar sa mata haƙoran roba.