Ku Tambayi Matafiyi: Hawan Dutsen Sukur

Tambaya: Baba, tun ina ɗaliba nake bin wannan fili. Na je Dutsen Zuma, na je Gurara, na tsaya a gindin hasumiyar Gobarau, hotuna sun cika mini waya, amma in aka ce in ba da labari sai in rasa ta cewa. Kai kuwa tafiyar da ka yi shekara da shekaru kana kawo ta kamar jiya ka dawo. Mene ne sirrin, kuma wane wuri ne ya fi zauna maka a rai? Daga 'yarka, malamar makaranta.

Amsa: 'Yata, ina jin mota ce ta cuce ki. Ta sauke ki a bakin wuri, kika ɗaga waya, kika koma kujerarki. Ni dai inda ƙafata ta ji jiki, nan nake tunawa.

Sukur ce ta fi zauna mini. Tana kan duwatsun Mandara, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru, kuma ita ce wuri na farko a Najeriya da UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Mota iyakarta gindin dutse. Daga nan sai hanyar da mutanen dā suka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, ɗaya bayan ɗaya, tana hawa tana lanƙwasa har sama. Na fara da kuri, ina gaban ɗan rakiyata. Kafin rabin hanya na zube a kan wani falalen dutse ina haki, gwiwoyina na kaɗawa. Ina nan zaune wata dattijuwa, wadda ta kusa haihuwata, ta zo da kaya niƙi-niƙi, ko takalmi babu, ta gaishe ni ta wuce. Ko waiwaye ba ta yi ba. Kunya ce ta tashe ni, ba ƙarfi ba.

Amma zaman nan ne ya sa na ga dutsen da nake kai. Tsakiyarsa ta yi sulɓi, ta ɗan lotsa, gefe kuwa yana nan da kaushinsa. Tafin ƙafa ne ya cinye shi haka. Na shafa shi da hannu, har yau ina jin ɗuminsa.

A sama, tsaunin ya haura mita 1,000, ga gonaki hawa-hawa an tokare kowace da jeren duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Fadar Hidi, wato sarkinsu, ita ma dutse ne a kan dutse. An nuna mini wani bijimi da ake kiwatawa a rami mai katangar dutse, sai da na sunkuya na hango ƙyallin idonsa a duhu. Kusa da wata tsohuwar matoyar ƙarfe na tsinci kashin tama, baƙi, mai ƙofofi, ya fi girmansa nauyi. Na so in jefa shi aljihu, ɗan rakiya ya dube ni kawai, na mayar. Gaskiyarsa. In kowa ya ɗauki ɗaya, me za ki tarar?

Ki lura, hawan nawa ya riga harin da 'yan Boko Haram suka kai wurin a 2014. Kada ki kama hanya sai kin ji ta bakin mutanen yankin. Ba kuma dole sai Sukur ba. Ki koma Gurara ɗin nan, ki sauka nesa kaɗan, ki taka har sai kin fara jin rugugin ruwa kafin ki gan shi, wayar kuma ta yi zamanta a jaka na rabin sa'a.

Tambaya: Malam, wane lokaci ya fi dacewa da yawon daji da hawan duwatsu? Daga wani ƙaninka.

Amsa: Ƙanena, ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Ciyawa ba ta bushe ba, ruwa bai janye daga magangarun ruwa na Matsirga da Gurara ba, hazo kuma bai sauko ba. Na taɓa hawa Kufena a tsakiyar hunturu don in hango Zariya, abin da na gani farin hazo ne da kan bishiya biyu. Tsakiyar damina kuma dutse santsi gare shi. Ka fita da sassafe, da gorar ruwa da takalmin da ya riga ya saba da ƙafarka. Sabon takalmi ya taɓa sa ni saukowa daga duwatsun Birnin Kudu da shi a hannu, ban ko kai ga zanen shanun da na je gani ba.