Tambaya da Amsa: Shirya daɓen siminti kafin a shimfiɗa masa katako

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kammala gini a Harobanda, a nan Yamai, kuma ina so in sa wa falo katakon daɓe irin wanda ake haɗawa hawa-hawa a masana'anta, wanda ake kira parke. Makonni uku ke nan da zuba siminti, magini ya ce ya bushe sarai tunda rana tana dukansa, ya kuma ce a fara aiki. Shin in yarda? Daga wani magidanci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawararmu ita ce ka dakata. Maginin naka ya duba saman daɓen ne kawai, alhali a zafi irin na Yamai sama kan yi fari fat cikin 'yan kwanaki, ciki kuwa yana riƙe da ruwa. Kwana 28 da magina suka saba ambata lokaci ne na ƙarfin siminti, bushewarsa kuma ta fi haka jinkiri: ana ƙiyasta kamar wata guda ga kowane santimita 2.5 na kauri, don haka daɓe mai kaurin santimita 10 yana iya cin wata huɗu.

Wannan katako, da yake fatarsa ta sama itace ce ta gaske da aka manna a kan falle-fallen da aka giciye da juna, ya fi katako zalla jure sauyin yanayi, amma ba ya jure danshin da ke tasowa daga ƙasa. In aka rufe siminti mai ruwa da shi, gefunansa za su kumbura su tashi, gam ya saki, ƙasansa ya yi funfuna. Unguwarku kuma tana kusa da kogi, inda ruwan ƙasa kan matso sama a lokacin damina, saboda haka ka tambayi magini ko ya shimfiɗa leda kafin ya zuba simintin. Idan bai yi ba, daɓen zai dinga jan laima kowace shekara, komai daɗewarsa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ka yanko leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, ka liƙe duk gefunanta da salatif a kan daɓen, ka yi haka a wurare da dama, musamman lungu da gindin bango, ka bar ta kwana biyu da tagogi a rufe. In ka ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, da sauran jira. In ta fito a bushe, alama ce mai kyau, ko da yake na'urar awon danshi ce kaɗai ke ba da tabbaci, kuma ya dace mai sa katakon ya zo da ita.

Bayan bushewa sai daidaito. A ɗora sandar ƙarfe madaidaiciya mai mita 2 a wurare daban-daban. Ratar da ke ƙarƙashinta kada ta wuce milimita 3. A gurje tudu, a cike kwari da tsaga da simintin daidaita daɓe, a kankare fenti da ragowar filasta, a share ƙura tas. A sa maganin gara a gindin bango tun yanzu, don bayan an rufe ba dama.

Idan ba manna katakon za a yi ba, a shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2, kowane falle ya hau ɗan'uwansa da santimita 20, gefenta ya ɗan hau bango, sannan soson shimfiɗa a kai. Idan kuwa mannawa za a yi, sai a fara shafa maganin tare danshi wanda ya dace da gam ɗin.

Katakon ya kwana biyu ko uku a cikin ɗakin kafin a taɓa shi, kuma a bar ratar santimita 1 tsakaninsa da kowane bango. Wannan rata ta fi muhimmanci idan da hunturu aka yi aikin, domin katakon da ya tsuke a busasshiyar iskar Janairu zai buɗe idan laimar Agusta ta zo.