Tambayi Kawu: Na leƙa Facebook ɗin Alhaji kafin mu haɗu

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Ina sayar da riɗi da wake a Kasuwar Dole. Mako mai zuwa wani Alhaji zai zo daga Dawanau ta Kano mu yi ciniki. Na leƙa Facebook ɗinsa, na ga ya yi rashin mahaifi, ya aurar da 'ya, kuma ɗan gani-kashe-nin Kano Pillars ne. In taɓo waɗannan don hira ta yi armashi, ko zai ɗauke ni ɗan sa-ido? Daga mai karatu, Zango, Damagaram.

Amsa: Ɗana, ba sabon abu ka yi ba. Fataken da ke bin hanyar Damagaram zuwa Kano ba sa kwance kaya sai sun tambayi fatoma halin mai saye. Yanzu waya ce fatoma, sai dai ita ba ta san abin da ake sakayawa ba.

Ta'aziyya kam ka yi, amma duba ranar da aka sa labarin. Ni na taɓa ƙonewa. Na tari wani abokin ciniki daga Maraɗi da "barka da ƙaruwa" don na ga hoton suna, ashe hoton na 2019 ne, yaron ma ya koma. Ya ce "Allah ya yi masa rasuwa", ya sunkuyar da kai. Shayin da aka zuba mana har ya huce ba wanda ya kai hannu.

Zancen 'yarsa ka bar shi. Ba dattijon da ke son baƙo ya nuna ya ƙare wa hotunan iyalinsa kallo. "Ina iyali?" ta wadatar, in ya kawo maganar bikin da bakinsa ka ce Allah ya sanya alheri. Pillars kuwa sai an gama gaisuwa an sha ruwa.

Inda nake so ka ɓata lokaci shi ne kan kasuwancinsa. In ya ce yana da kamfani, nemi sunan a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, kai ma ka riƙe takardun RCCM da NIF naka, wato rajistar kasuwanci da lambar haraji ta Nijar, a kusa. Hoton mutum jingine da tirela ba shaida ba ne, tana iya zama ta maƙwabci. Buga wa wani ɗan garinmu da ke Dawanau waya ka tambaye shi ko Alhajin na biya a kan kari. Kuma kafin a ɗora buhu ko ɗaya a sikeli, ku tsayar da magana: da naira za a biya ko da sefa, kuma da canjin wace rana.