Amsa: Hon ɗin mota a jikin keke

Malam, ka tambaya ko hon ɗin mota zai yi a keke, eh zai yi amma ba da dainamon fitilar keke ba, shi bolt 6 yake bayarwa, hon kuwa 12 yake buƙata. Nemi batirin babur ka ɗaure a ƙarƙashin kariyar ɗora kaya da robar tsohon tub, kuma don Allah ka sa fis, ni da ban sa ba wayar ta narke min wajen Gada Biyu a Jos, ƙauri kawai na ji. In hon na hannu kake so kuwa ka leƙa kasuwar Dilimi a Jos. In kuma maganar kwandon gaban keke ce, ragar tsohon firij na ba mai walda ya lanƙwasa min, har cefanen dankali tana ɗauka. Sai dai batirin da nauyi wallahi, hawan tudun Jos ƙafarka za ta gaya maka.